Maɗin ɗinya: Zaƙin gargajiya da ke neman ɓacewa a yankin Konni

A ƙarshen damina, idan ɗinya ta nuna ta yi baƙi wuluk, akan ga mata da yara da ƙwarya-ƙwarya nata a kasuwar Birnin Konni da ƙauyukan Malbaza da Illela. Mafi yawan matasa tsotse ta kawai suke yi su tofar da ƙwallon. Kaɗan ne suka san cewa daga wannan ɗan itace ake dafa maɗi, wanda da shi kakanni ke zaƙaƙa kunu tun kafin sukari ya wadata.

'Yan yankin da ke zaune a Turai da Amurka sun saba ganin kwalaben siron blueberry a kantuna, har wasu iyalai na dafa nasu a gida. Aikin kusan ɗaya ne da na maɗi, sai dai ita ɗinya ba ta buƙatar a ƙara mata sukari.

Yadda ake dafa shi

Ana tsince nunanniyar ɗinya, a zubar da wadda ta ruɓe, a wanke. Sai a jiƙa ta a ruwa, a murje da hannu har tsokar ta rabu da ƙwallon, a tace da rariya, a sake tacewa da ƙyalle mai tsabta.

A wajen wuta ake gane gwana. Ruwan yakan ɗauki awanni yana tafasa a hankali, ana kwashe kumfa, ana juyawa da muciya don kada ya kama gindin tukunya. Idan wuta ta yi yawa, sai ya ƙone ya yi ɗaci. Idan aka yi gaggawar saukewa, ba ya jimawa zai yi tsami ko ya yi funfuna. Masu yi kan ɗiga kaɗan a faranti: in ya tsaya bai malale ba, ya yi. In aka bar shi ya ƙara kauri, ya koma alewa.

Bayan ya huce ana ɗura shi a busasshiyar kwalba. Yana shiga da kunu, da koko, da burodi, ko a dama shi da ruwan sanyi.

Itacen na raguwa

Matsalar ita ce bishiyar kanta. Ɗinya na son fadama da wuri mai laima, kuma irin waɗannan wurare a yankin yawancinsu sun koma gonakin albasa da lambuna. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a jihar Tawa, sara don itacen girki da katako ya biyo baya. Har ɗanyen ganyenta, wato ɗinkin, ana tsinka don kwaɗo.

Manoma da dama a kudancin Nijar sun rungumi sassaben zamani, inda ake barin tohon itace ya girma a cikin gona, dabarar da ta bazu daga Maradi tun shekarun 1980. Gawo ya fi cin moriyarta saboda yana gyara ƙasa, ɗinya kuwa ba ta samu irin wannan gata ba.

Yau a gidaje da yawa tsofaffi ne kawai suka iya dafa maɗi, yara kuma sun fi sanin siron kwalba mai launi da garin lemo na leda. Ɗinyar bana in ta wuce, mai son koyo sai ya jira kaka mai zuwa.