Me Ya Sa Maƙwabci Ke Kai Hari Idan Gwamnati Ta Faɗi?

Ranar 8 ga Disamba, 2024, shugaban Siriya Bashar al-Assad ya tsere daga Dimashƙu zuwa Rasha. Kafin 'yan Siriya su gama murna, jiragen yaƙin Isra'ila sun fara luguden wuta a ƙasar. Cikin kwana biyu sojojin Isra'ila suka kai ɗaruruwan hare-hare kan filayen jiragen soja da rumbunan makamai, suka nutsar da jiragen ruwan yaƙi a tashar Latakiya. Mai sauraron rediyo a Gwarzo ko Kabo yana da haƙƙin tambaya: wanda ake gaba da shi ya gudu, to wa kuma ake bugu?

Gwamnati, ko da ta abokin gaba ce, tana yi wa maƙwabcinta amfani uku. Ita ke riƙe da makullin rumbun makamai. Ita ke tsare bakin iyaka. Sannan ita ce wadda za a tuhuma idan wani abu ya faru: a kira jakadanta, a ja mata kunne, ko a zauna da ita a sasanta. Ranar da ta rushe, ukun nan duka sun tafi. Daga nan ne dalilan kai hari ke tasowa.

Na farko, makamai. Sojan da ya ga shugabansa ya arce yakan tuɓe kaki ya shige gari, ya bar bariki a buɗe. Abin da Isra'ila ta ce ke nan: ba za ta bari makamai masu linzami da masu guba su faɗa hannun waɗanda ba ta san manufarsu ba. Mu a nan mun ɗanɗani irin wannan. Da aka kashe Gaddafi a Oktoban 2011, an wawashe rumbunan Libiya, makaman suka gangaro ta Sahara. Watanni uku bayan nan tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, kuma har yau ana ambaton hanyar Libiya da Nijar idan ana lissafin inda bindigogin 'yan bindigar Zamfara da Katsina ke fitowa. Duk wanda ke bin hanyar Gwarzo zuwa Dayi ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Na biyu, waɗanda aka kayar ba sa ɓacewa. Sukan ja da baya ne su tsallaka iyaka, su huta, su sake shiri. Wannan shi ne tarihin yammacin Kano. A 1807 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina, a 1808 suka ci Alƙalawa, hedikwatar Gobir. Gidan sarautar Katsina bai mutu ba. Ɗan Kasawa ya ja ragowar jama'arsa arewa, daga baya suka zauna a Maraɗi, inda har gobe ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. Daga can mahara kan dawakai sukan ratso ƙasar Katsina su iso ɓangaren Ƙaraye da Gwarzo, su kora shanu, su kama mutane, su juya kafin gudummawa ta iso daga birni.

Daular Usmaniyya ta tunkari matsalar ta hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce ribaɗi: a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma, gonaki kusa da ƙofa, yadda da an hango ƙurar dawakai kowa zai shige a rufe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa a ribaɗin Wurno ya zauna, a can kuma ya rasu a 1837. Ɗayar ita ce a bi abokin gaba har gida. A yaƙin Gawakuke na 1836 Bello ya murƙushe haɗakar Gobirawa da Maraɗawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi. Duk da girman wannan nasara, hari bai tsaya ba. Gobirawa suka kafa Tsibiri, a zamanin Ɗan Baskore Maraɗawa suka dawo da ƙarfinsu, aka yi ta kai da kawowa har zuwan Turawa.

Irin wannan ta faru a zamaninmu. Bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, sojojin gwamnatin da aka kifar sun tsallaka Zayar da makamansu, suka saje da 'yan gudun hijira a sansanonin Goma. A 1996 sabuwar gwamnatin Ruwanda ta bi su. Mobutu, shugaban Zayar, ya faɗi a Mayun 1997, amma gabashin ƙasar, wadda yanzu ake kira Kwango, bai zauna lafiya ba har yanzu.

Na uku, ramuwa. A Fabrairun 2015 'yan IS suka yi wa mutum 21 yankan rago a gaɓar tekun Libiya, akasarinsu Kiristoci 'yan Masar. Babu gwamnati guda mai iko da ƙasar da za a ce ta kamo masu laifin. Ranar 16 ga watan jiragen Masar suka yi ruwan bama-bamai a garin Darna. Irin wannan hari, rabinsa don abokin gaba ake yi, rabinsa don jama'ar gida su ga shugaba bai naɗe hannu ba.

Na huɗu shi ne wanda ba a faɗa a taron manema labarai: dama ce ta samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Isra'ila ta ƙwace Tuddan Golan tun 1967, kuma yarjejeniyar 1974 ta ware wani zirin ƙasa tsakaninta da Siriya, wanda dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ke sa wa ido. Da Assad ya faɗi, Firaministan Isra'ila Netanyahu ya ce yarjejeniyar ta rushe tunda sojojin Siriya sun bar wurarensu, sai dakarunsa suka shiga zirin suka hau ƙololuwar Dutsen Harmon. Majalisar ta ce wannan keta yarjejeniya ne. Najeriya ma ta taɓa samun kanta a irin wannan rikici a kan ƙasa saboda hargitsin maƙwabci. A 1983, Chadi na fama da yaƙin basasa, sojojinta suka hau wasu tsibirai a Tafkin Chadi. Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda ke jagorantar runduna ta 3 a Jos, ya fatattake su, ya bi su har cikin ƙasarsu.

To me doka ta ce? Sashe na 2(4) na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa. Ƙofofi uku aka bari: kare kai idan an kawo maka hari, kamar yadda sashe na 51 ya tanada, ko izinin Kwamitin Sulhu, ko gayyatar halastacciyar gwamnatin ƙasar. Faɗuwar gwamnati ba ta soke haƙƙin ƙasa, don haka “ina tsoron abin da za su yi gobe” hujja ce da yawancin masana doka ba su karɓa ba. A gida kuwa, sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa shugaban ƙasa neman amincewar Majalisar Dattawa a kan tura sojoji yaƙi waje.

Wannan sashe ya yi aiki a 2023. Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi dogon layi a Jibiya, albasa da tumatir na ruɓewa a ciki, direbobi na kwana ƙarƙashin mota. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi zuwa Borno, kuma kusan babu garin da ba shi da dangi a ƙetare. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris 2024.

A kwatanta da Somaliya. Habasha ta shiga a Disamban 2006 don ta karya kotunan Musulunci, ta fita a Janairun 2009 ta bar al-Shabab da ƙarfin da ba ta da shi a da. Kenya ta shiga a 2011, a Afrilun 2015 al-Shabab ta kashe mutum 148 a jami'ar Garissa da ke Kenya. Bom yana iya ƙone rumbu cikin dare guda, amma ba ya kafa hukumar da za ta riƙe makullin.

Saboda haka, mai karatu, duk ranar da ka ji wata ƙasa ta kai hari maƙwabta da sunan kare kai, ka yi tambaya uku. Wa ya gayyace ta? Makamai kaɗai ta buga, ko ta haɗa da kama ƙasa? Ta faɗi ranar fita? Idan babu amsa ga ta ukun, to mamaya ce, ko da wane suna aka raɗa mata.