Me Ya Sa chmod Ke Yin Kunnen Uwar Shegu a Kan Windows?

Mai koyon aikin saba da kwamfutarsa ke ɗauke da Windows da wuya ya tsallake wannan abin ɗaure kai. Yana da fayil ɗin mabuɗin sirri a foldar Downloads. Ya buɗe Ubuntu da ke zaune cikin Windows ɗin, ya buga umarnin ssh don ya shiga wata saba da ke nesa. Maimakon a ba shi hanya, sai gargaɗi ya cika allo da manyan baƙaƙe: WARNING: UNPROTECTED PRIVATE KEY FILE! A ƙasa kuma a shaida masa cewa izinin fayil ɗin 0777 ne, an yi masa sake da yawa, don haka ba za a karɓi mabuɗin ba. Maganin da littattafan koyon Linux suka bayar guda ne, chmod 600. Ya buga, umarnin ya wuce lami lafiya ko tari bai yi ba. Da ya sake dubawa da ls -l, sai ya tarar da fayil ɗin yadda ya bar shi, rwxrwxrwx, kowa da kowa na da iko a kansa.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau, kuma bai yi kuskuren bugu ba. Umarnin na Unix ne, fayil ɗin kuwa yana kwance a faifan Windows, kuma kowanne daga cikin tsarin biyu da irin hanyarsa ta tantance wanda zai taɓa fayil.

Unix ya samo asali ne a 1969 a ɗakunan binciken Bell Labs da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu. Tsarin izinin da ya gadar wa Linux da macOS gajere ne, har ana iya haddace shi a zama ɗaya. Jama'a kashi uku ne: mai fayil, 'yan rukuninsa, da sauran mutane. Iko ma iri uku ne: karantawa, rubutawa, da kunna fayil a matsayin manhaja. Karantawa lambarta 4, rubutawa 2, kunnawa 1, sai a haɗa lissafi ga kowane kashi. Saboda haka 600 na nufin mai fayil zai karanta ya rubuta, saura kuwa ba su da komai. Idan aka ce 755, mai fayil yana da duka ukun, saura za su karanta su kunna amma ba za su canja ba. Shi kuwa 777 ƙofa ce a wangale. Shi ya sa ssh ke ƙin mabuɗin da ke ɗauke da wannan lamba, domin mabuɗin sirrin da wani zai iya karantawa ya tashi daga sirri.

Windows bai bi wannan hanya ba. Tun da Microsoft ya fitar da Windows NT a 1993 tare da tsarin adana fayiloli na NTFS, kowane fayil yana ɗauke da jerin sunaye da ake kira ACL. Jerin na iya tsawo yadda aka ga dama: wane an ba shi karatu, rukunin wane an ba su rubutu, wane kuma an hana shi ƙarara. Bugu da ƙari, fayil yana gadon izini daga foldar da aka haife shi a cikinta, ita ma ta gada daga ta samanta. Sannan Windows ba ya dogara da wata alamar kunnawa kafin ya san fayil manhaja ne. Ƙarshen sunan yake dubawa, ko .exe ne, ko .bat, ko .com.

Tsakanin waɗannan biyu ne manhajoji irin su Cygwin da Git Bash da WSL suke tsayawa, kuma aikinsu aikin tafinta ne. Tafinta kuwa, idan aka faɗi abin da babu shi a ɗaya harshen, ko dai ya kewaya ya kawo mafi kusa, ko ya gyaɗa kai ya yi shiru. Mafi yawan ciwon kan da ake samu ya fito ne daga wannan shirun.

Cygwin shi ne dattijo a cikinsu. Wani injiniya mai suna Steve Chamberlain ya fara shi a 1995 a kamfanin Cygnus Solutions, wanda daga baya Red Hat ya saye. Zuciyarsa wani fayil ne guda, cygwin1.dll, da ke karɓar buƙatun manhajojin Unix ya mayar da su zuwa abin da Windows zai fahimta. Cygwin ya fi sauran ƙoƙari a kan izini: idan aka buga chmod a kan faifan NTFS, da gaske yake zuwa ya sake rubuta jerin ACL ɗin fayil ɗin don ya dace da lambar da aka bayar. Sai dai ƙoƙarin yana da tsada. Wani lokaci, don ya kwaikwayi wani izini na Unix, dole ya jera "an hana" da "an yarda" a wani tsari da Windows bai saba da shi ba. Idan mutum ya buɗe shafin tsaro na fayil ɗin a Explorer, sai Windows ya yi ƙorafi cewa izinin ba ya kan tsari, ya nemi a bari ya gyara. Wanda ya amince ya rushe abin da Cygwin ya gina da gangan.

Akwai kuma ƙaramar alamar + da ke bayyana a ƙarshen izini idan an buga ls -l. Mutane da yawa ba sa kula da ita, alhali ita ce ke cewa akwai ƙarin sunaye a jerin da haruffa taran nan ba su nuna ba. Umarnin getfacl zai zayyano su, setfacl -b kuma zai share ƙarin, ya bar izinin asali kaɗai. Sau da yawa abin da ke sa a buga chmod 600 amma rukuni ya ci gaba da bayyana da iko, wani izini ne da aka gada daga foldar sama.

Git Bash, wanda ke zuwa tare da Git na Windows, jikan Cygwin ne ta wajen MSYS2, amma ya zaɓi sauƙi. Yana haɗa faifai da zaɓin noacl, wato ba ruwansa da jerin Windows. Izinin da yake nunawa ƙiyasi ne kawai: fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .exe ko makamancinsa, ko wanda layinsa na farko ya fara da alamar #!, za a nuna shi a matsayin abin kunnawa, saura kuma a'a. A nan chmod +x ba ya canja komai, kuma ba zai faɗa ba. Haka lamarin yake ko a cikin Cygwin idan fayil yana kan filashi mai tsarin FAT32 ko exFAT, domin waɗannan ba su da wurin ajiye izini tun asali. Ɗalibin da ya kwafi aikinsa daga kwamfutar Linux ta makaranta zuwa filashi, ya dawo da shi washegari, zai tarar izinin da ya tsara duk ya baje. Wanda ke son izini ya tsira a irin wannan tafiya sai ya ƙunshe fayilolin da tar kafin ya kwafa, saboda tar yana rubuta izinin kowane fayil a cikin ƙunshin.

WSL ne ƙaramin cikinsu, kuma na Microsoft ne da kansa. Ya fito a 2016, sannan WSL 2 ya isa hannun jama'a a 2020 ɗauke da ainihin zuciyar Linux a cikin wata ƙaramar kwamfuta ta gaibu. A nan fayiloli gida biyu suke. Waɗanda ke ƙarƙashin /home suna kan tsarin Linux, chmod yana aiki a kansu sarai. Waɗanda ke ƙarƙashin /mnt/c kuwa na Windows ne, leƙensu kawai ake yi, kuma galibi da 777 suke bayyana. Abu ɗaya tak chmod ke iya yi musu a yanayin da aka saba: idan an cire ikon rubutu gaba ɗaya, sai a sa wa fayil ɗin alamar nan ta Windows mai cewa karantawa kaɗai.

Ga mai koyon nan da ya buɗe Ubuntu ta WSL, wanda mabuɗinsa ke Downloads a ƙarƙashin /mnt/c, mafita biyu ce. Ta farko ita ce a kwafe mabuɗin zuwa foldar .ssh da ke cikin /home, a buga chmod 600 a can, magana ta ƙare. Ta biyu ita ce a buɗe fayil ɗin /etc/wsl.conf, a ƙara zaɓin metadata a sashen automount, a kashe WSL da umarnin wsl --shutdown sannan a sake kunna shi. Daga nan WSL zai riƙa liƙa izinin Linux a jikin fayilolin Windows a matsayin ƙarin bayani. Ta farkon ta fi tsafta, kuma tana da wata riba: a WSL 2 aiki a kan /mnt/c yana da nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da aiki a cikin /home, har Microsoft da kansa yana ba da shawarar a ajiye aikin Linux a ɓangaren Linux.

Idan kuwa ssh ɗin na Windows ne, wanda ake bugawa a PowerShell, to chmod ba shi da hurumi sam. Jerin ACL yake dubawa, kuma icacls ne ke gyara shi: a yanke gado da zaɓin /inheritance:r, sannan a ba mai fayil shi kaɗai ikon karantawa. Saƙon kuskuren kusan iri ɗaya ne a Cygwin da WSL da PowerShell, amma maganin ya bambanta, shi ya sa tambayar farko a kullum ita ce wane ssh ne ke magana, kuma a wane faifai fayil ɗin yake.

Dabarar da ta fi yaɗuwa a tsakanin waɗanda suka gaji ita ce chmod -R 777, ko kunna komai da ikon Administrator. A kan kwamfutar mutum ɗaya ɓarnar ba ta cika fitowa fili ba. Matsalar ita ce hannu yana sabawa, kuma ranar da aka yi haka a kan saba mai ɗauke da shafin intanet, an ba duk wata manhaja da ke kanta damar sake rubuta fayilolin shafin. Fayilolin da aka ƙirƙira da ikon Administrator kuma sukan zama mallakar rukunin masu iko, gobe mai kwamfutar ya zo da asusunsa na yau da kullum a ce masa Permission denied a kan aikin da ya yi da hannunsa.

Ba kowane ƙin aiki ne laifin izini ba. Akwai wani saƙo da ya sha wahalar da mutane: /bin/bash^M: bad interpreter: No such file or directory. Mutum zai duba ya ga bash yana nan daram, ya rasa abin da ake nufi. Amsar tana cikin ^M ɗin nan. Tun zamanin na'urorin buga saƙo na teletaif, komawa sabon layi motsi biyu ne: a dawo da kan bugu farkon layi, sannan a tura takarda sama. DOS da Windows sun riƙe alamomin biyu, CR da LF, Unix kuwa ya wadatu da LF kaɗai. Idan aka rubuta fayil ɗin umarni a Windows, kowane layi zai ƙare da CR da ido ba ya gani, sai Linux ya shiga neman wata manhaja mai suna bash haɗe da wannan ɓoyayyen harafi. Umarnin file zai fallasa shi, cat -A zai nuna shi a fili, dos2unix kuma zai share shi. Abin dariya, Notepad bai iya nuna fayil mai LF kaɗai yadda ya kamata ba sai a 2018. Kafin nan duk layukan a cure yake nuna su kamar layi ɗaya.

Sai rikicin suna. Windows yana da nasa find.exe da sort.exe a cikin System32, kuma aikinsu daban ne da na takwarorinsu na Unix. Idan foldar Windows ta riga ta Cygwin a jerin PATH, wato jerin wuraren da ake bi ana neman umarni, mutum zai buga find na Unix amma na Windows ya amsa da FIND: Parameter format not correct. Buga type -a find zai nuna duk masu wannan suna da wanda ke kan gaba. Rubuta adireshin fayil ma da bambanci: abin da Windows ke kira C:\Users, Cygwin na kiransa /cygdrive/c/Users, Git Bash /c/Users, WSL kuma /mnt/c/Users. Umarnan cygpath da wslpath don wannan juyi aka yi su. Git Bash har shisshigi yake yi: idan ya ga an miƙa wa manhajar Windows wani abu da ya fara da alamar /, sai ya ɗauka adireshi ne ya juya shi zuwa C:/Program Files/Git, abin da masu amfani da Docker suka sha fama da shi. Sanya MSYS_NO_PATHCONV=1 a gaban umarnin yana hana shi.

Wasu sunayen ma Windows ba ya karɓarsu yadda aka saba. CON da PRN da AUX da NUL sunayen na'urori ne tun zamanin DOS, don haka fayil mai suna aux.c, wanda ba laifi ba ne a Linux, zai hana Git sauke aikin gaba ɗaya a Windows. Haka nan Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami, Windows kuwa bisa al'ada ba ya yi. A cikin rubutun zuciyar Linux akwai xt_DSCP.c da xt_dscp.c a folda ɗaya, fayiloli biyu mabambanta. A kan Windows ɗaya zai hau kan ɗaya.

Inda duk waɗannan ke haɗuwa shi ne aikin tarayya, lokacin da wasu ke kan Windows wasu kan Linux suna tura aiki ta Git. Daga cikin izini, Git abu ɗaya yake riƙewa: ko fayil abin kunnawa ne, 100755, ko ba shi ba ne, 100644. Idan tafintan ya ƙiyasta ba daidai ba, sai a wayi gari git status ya jero fayiloli rututu a matsayin waɗanda aka canja, alhali ko harafi ba a taɓa ba, git diff kuma ya nuna old mode da new mode kawai. Umarnin git config core.fileMode false zai sa Git ya daina kula da wannan a kwamfutar da abin ya shafa. Wanda ke kan Windows kuma yake son fayil ɗin umarninsa ya isa saba a shirye don kunnawa, sai ya buga git update-index --chmod=+x tare da sunan fayil ɗin, alamar ta shiga kundin Git kai tsaye ba tare da bi ta kan faifai ba. Batun ƙarshen layi kuma, maimakon a dogara ga kowa ya daidaita core.autocrlf a kwamfutarsa, ya fi a ajiye fayil ɗin .gitattributes a cikin aikin, a rubuta cewa duk fayil mai ƙarewa da .sh zai zauna da LF, mai ƙarewa da .bat kuma da CRLF. Wannan fayil yana tafiya tare da aikin duk inda aka sauke shi, don haka sabon ma'aikacin da ya shigo yau zai sami ƙa'idar tana aiki tun kafin ya san da ita.