Sikeli Kaɗai Ba Ya Nuna Ƙaruwar Tsoka

Mai ɗaga ƙarfe da ke hawa sikeli kullum yakan ruɗe, domin nauyin jiki na iya sauyawa da kilo 1 zuwa 2 a yini guda. Ruwa ne, gishiri ne, tuwon daren jiya ne. Shi ya sa ake aunawa da sassafe, bayan fitowa daga bayi, kafin karin kumallo, sannan a ɗauki matsakaicin mako.

Sikeli kuma ba ya bambance tsoka da kitse. Tef ɗin tela ya fi shi faɗin gaskiya: a auna damtse, ƙirji da ƙugu duk wata. In damtse na cika, ƙugu bai motsa ba, aiki na kyau. In tumbi ne ke gaba, a rage ci.