Haƙƙin Iyaye Ne Su San Abin Da Ake Koya Wa 'Ya'yansu A Firamare

A mafi yawan makarantunmu na firamare, sau uku kacal a shekara makaranta take yi wa iyaye bayani a kan karatun 'ya'yansu, wato ranar da ake raba katin sakamako a ƙarshen kowane zango. Idan kuwa saƙo ya iso gida a tsakani, to da wuya ka ga ba na kuɗi ba ne, ko na jarrabawa, ko na ƙungiyar iyaye da malamai, ko na rigar wasanni. Uba zai duba kati ya ga ɗansa ya zo na biyar ko na talatin, ya yi murna ko ya yi faɗa, amma da za ka tambaye shi abin da aka koya wa yaron a watanni ukun nan, ba shi da amsa. A ganina wannan giɓi yana cikin manyan abubuwan da ke raunana ilimin firamare a Arewa, alhali gyaransa ba ya buƙatar kasafin biliyoyin naira.

Manhajar da ake bi ba sirri ba ce. Hukumar NERDC ce take tsara ta ga ƙasa baki ɗaya, a ƙarƙashin shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. An fara aiki da manhajar shekara tara a 2008, sannan a 2014 aka shigo da wadda aka yi wa kwaskwarima, inda aka haɗe darussa da dama wuri guda domin rage wa yara kaya. A lokacin ne aka sanya darasin addini da na zamantakewa da na sanin haƙƙin ɗan ƙasa da na tsaro a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Mai karatu zai tuna ƙurar da ta tashi a 2017, sa'ad da jita-jita ta bazu cewa an cire wannan addini ko an fifita wancan, har hukuma ta ba da umarnin a sake raba darussan addini, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Shekara uku ke nan ana koyar da manhajar kafin iyaye da yawa su ji labarinta, kuma a bakin masu jita-jita suka ji. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Haka abin yake a batun harshen koyarwa. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da yaran firamare da harshen uwa, sai kuma a ƙarshen 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar janye wannan tsari. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan matakan biyu, tambayata ita ce: makaranta nawa ce ta tara iyaye ta faɗa musu da wane harshe malami yake bayani a aji biyu, da kuma dalilin hakan?

Inda rashin bayanin nan ya fi yin ɓarna shi ne aikin gida. Yaro ɗan shekara bakwai yakan dawo da shafi biyu na lissafi, ba a faɗa wa kowa ranar da za a mayar ba, ko minti nawa ya kamata ya ɗauka, ko an yarda a taya shi. Uwa mai tausayi sai ta sa yayansa ya rubuta masa. Malami ya ga amsa daidai ya ba da maki goma, ya wuce gaba da tunanin yaro ya gane. Ta haka aikin da aka ba da don ya tona inda yaro yake da rauni sai ya zama mayafin rufe raunin. A wasu makarantun kuɗi kuma abin ya wuce nan, domin akan bai wa ɗan aji uku aikin da sai an shiga intanet an kuma je shagon kwamfuta an buga. Kowa ya san uban ne ya yi, har da malamin da zai duba.

Akwai kuma abin da mai ba da aikin yakan manta, wato yadda ranar yaron Bahaushe take. Ya tashi da asuba, wataƙila ya leƙa makarantar allo, ya tafi boko, ya dawo da azahar, da la'asar ya nufi Islamiyya inda ake jiran hadda, bayan magariba kuma ga aike ga rashin wutar lantarki. Yarinya tana da ƙarin wanke-wanke da reno, wata ma har da talla. Malamin boko da na Islamiyya kowa yana ɗora nasa nauyin kamar shi kaɗai ne da yaron, kuma iyaye ne kaɗai suke ganin kayan biyu a kai ɗaya. Idan ba a shawarce su ba, wa zai daidaita?

Wasu ƙasashe sun daɗe da yin tunani a kan wannan. A Amurka an san ƙa'idar minti goma ga kowane aji: ɗan aji ɗaya minti goma, ɗan aji shida awa guda. Harris Cooper na Jami'ar Duke, wanda ya tattara binciken shekaru masu yawa a kan aikin gida, ya gano cewa alaƙarsa da ƙwazon ɗalibi tana da ƙarfi a sakandare, amma ba ta da ƙarfi sosai a firamare. Faransa kuwa tun 1956 ta hana ba da rubutaccen aikin gida a firamare, ko da yake malamai da yawa ba su daina ba. Ba ina cewa mu kwaikwaye su ido rufe ba ne. Darasin shi ne yawan aiki ba shi ne yawan ilimi ba, kuma ya dace kowace makaranta ta kasance da ma'auni sananne.

Shawarata mai sauƙi ce. A makon farko na kowane zango, malamin aji ya fitar da takarda shafi ɗaya, da Hausa, daga jadawalin aikin da dama yake rubutawa domin hedimasta ya sa hannu. Ta faɗi abin da ake sa ran yaro zai iya kafin hutu, da kalmomin da kowa zai gane: zai karanta gajeren labari shi kaɗai, zai haddace jadawalin sau har zuwa biyar, zai iya faɗin lokaci a agogo. Ta faɗi ranakun da ake ba da aikin gida, da tsawon lokacinsa, da irin taimakon da ake so. Ta kuma sanar da iyaye cewa idan yaro ya kasa, a bar wurin fili, domin wannan filin saƙo ne ga malami.

Na san za a ce iyaye da yawa ba su yi boko ba. Gaskiya ne, amma rashin karatun boko ba rashin hankali ba ne. Mai karanta ajami a rubuta masa da ajami. Inda akwai waya, saƙon murya na minti biyu a WhatsApp ya wadatar. Inda babu, ga kwamitin SBMC da aka kafa don ya haɗa makaranta da al'umma, ga mai unguwa, ga liman, ga ƙungiyoyin mata. Uwar da ba ta iya ABCD ba tana iya cewa, "Zo ka karanta mini in ji," kuma kunnenta zai gane mai karatu da mai in-ina. Za a kuma ce malami mai ɗalibai fiye da ɗari ba shi da sukuni. Ina tausaya masa ƙwarai, amma takarda ɗaya ce ga aji duka, kuma shi zai fara cin moriyarta idan gida ya kama masa.

Mu ma iyaye da sauran aiki a gabanmu. Bai kamata a ce sai ranar da aka doki yaro za a ga ƙafar uba a makaranta ba. Mu buɗe jaka, mu duba littafi, mu san sunan malamin aji, mu halarci taro ko da ba a kira mu don kuɗi ba.

Ina kira ga hukumomin SUBEB na jihohinmu, musamman Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, su mayar da wannan takarda wajibi a makarantun gwamnati da na kuɗi, masu duba makarantu kuma su riƙa neman ganinta kamar yadda suke neman rajistar aji. Gina azuzuwa da sayen kujeru abu ne mai kyau, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro yana shafe kwata ɗin yininsa ne kawai a makaranta, sauran yana hannun waɗanda har yau ba a faɗa musu abin da ake so su yi ba.