Tazi: Karen farautar Afganistan da gashinsa ya zame masa ado da wahala

A cikin karnukan da ake kiwo a duniya, da wuya a sami mai jan ido kamar karen Afganistan, wanda mutanen ƙasarsa ke kira Tazi. Dogo ne siriri, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 63 zuwa 74, nauyinsa kuma yana tsakanin kilo 23 da 27. Gashi mai santsi kamar alharini ne ke zubo masa tun daga ka har ƙafafu. Wannan gashi shi ke sa mutane zaro kuɗi su saye shi, shi ne kuma ya fi raba shi da masu shi, domin da yawa ba sa sanin nauyin da suka ɗauko sai sun kai shi gida.

Daga tsaunuka zuwa dandalin gasa

Asalin Tazi karen farauta ne, daga cikin dangin da ke bin nama da ido da gudu maimakon sansana ƙasa. 'Yan uwansa a wannan dangi sun haɗa da Saluki na ƙasashen Larabawa da Farisa, da Azawak, siririn karen nan mai gajeren gashi da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali. A tsaunukan Afganistan, mafarauta kan sake shi ya bi zomo ko barewa a kan duwatsu, ya yanke shawara da kansa ba tare da jiran umarni ba. Faffaɗan tafin ƙafarsa ya dace da tsakuwa, gashin kuma bargo ne da ke kare shi daga sanyin tsauni.

Hafsoshin Birtaniya da suka yi aiki a Indiya ne suka fara kai shi Turai. A 1907 wani kare mai suna Zardin, wanda Kyaftin John Barff ya kawo, ya ja hankalin jama'a a Landan, har siffarsa ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A 1920 iyalin Manjo Bell-Murray suka kai wasu Sikotland daga Balucistan, masu ƙarancin gashi irin na filin hamada. A 1925 kuma Mary Amps ta aiko da nata daga Kabul, masu kaurin gashi irin na tsauni, waɗanda aka sani da zuriyar Ghazni. Daga cakuɗuwar waɗannan biyu aka sami karen da ake gani yau.

Tun daga nan masu kiwo suka riƙa fifita wanda ya fi yawan gashi, saboda shi ke burge alƙalan gasa. Karen ya lashe babbar gasar Westminster ta Amurka a 1957 da 1983. Mai zanen nan Pablo Picasso ya kiwata ɗaya da ya raɗa wa suna Kabul. Hatta Snuppy, kare na farko da masana kimiyya suka samar ta hanyar kwafin ƙwayar halitta a Jami'ar Seoul ta Koriya ta Kudu a 2005, ɗan wannan jinsi ne. Sai dai farin jini ya zo da ɓarna. A shekarun 1970, lokacin da ya zama abin yayi a Birtaniya, mutane da yawa sun saye shi don kyau, suka rabu da shi bayan sun gaza hidimarsa.

Kwalliya da kuɗin sabulu

Gashin Tazi sirara ne ƙwarai, don haka saurin cukurkuɗewa gare shi. Inda ya fi dunƙulewa shi ne bayan kunnuwa, hammata, cikin cinyoyi da tsakanin yatsu, wato wuraren da ke gogayya idan yana tafiya. In aka bar ƙulli ya daɗe, yakan ja fata, ya tara danshi, ya buɗe ƙofa ga ƙuraje, ya kuma zama maɓoyar kaska da ƙuma.

Ƙa'idar farko a wurin ƙwararru ita ce ba a taje gashin yana bushe ko yana da datti, saboda karyewa yake yi. Ana yi masa wanka duk mako ko mako biyu, a shafa sabulun ana bin gashin zuwa ƙasa ba tare da cuɗawa ba, a ɗauraye sosai, a sa man laushi. Daga nan sai a busar da shi da na'urar busar da gashi ana tajewa kashi-kashi, daga kan gashin zuwa tushe. Ƙulli kuwa da yatsu ake warware shi a hankali kafin mataji ya shiga. Aikin kan cinye sa'o'i.

Lokaci mafi wahala shi ne sa'ad da kwikwiyo ke sauya gashin ƙuruciya zuwa na girma, daga wajen wata 9 har kusan shekara 2. Tsohon gashi kan sarƙe cikin sabo, sai an duba shi kullum. Saboda haka ake saba masa da kwanciya a teburin gyara tun yana ƙarami. A lokacin cin abinci kuma ana sa masa wani ƙyalle mai kama da hular sanyi da ke riƙe dogayen kunnuwansa, don kada su shiga kwano ya tauna gashin. Gadon bayansa yana da gajeren gashi, kuma haka halittarsa take, ba aski ba ne. Wanda ba gasa zai kai shi ba yana iya rage masa gashi, abin da ya fi masa alheri a kan a bar shi cikin ƙulli.

Hali zanen dutse

Ado bai kankare masa halin farauta ba. Da zarar ya hango kyanwa ko zomo ya ruga, kira ba ya dawo da shi, ga shi gudunsa kan kai kilomita 60 a sa'a. Dole a riƙe shi da igiya a kan hanya, a kuma tanadar masa fili mai dogon shinge inda zai yi gudu a kai a kai, domin gwanin tsalle ne.

A littafinsa na 1994 kan basirar karnuka, masanin halayya Stanley Coren ya ajiye shi a matsayi na ƙarshe wajen bin umarni. Masu kiwonsa na ganin abin da aka auna biyayya ce, kuma karen da aka daɗe ana so ya yi tunani da kansa a bakin farauta ba zai yi saurin bin umarni ba. Tsawa da duka ba sa tasiri a kansa, sai lallashi da lada. Yana ja baya da baƙi, amma yana shaƙuwa da mutanen gida.

Ta fuskar lafiya, yakan rayu shekara 12 zuwa 14. Ƙarancin kitsen jikinsa na sa maganin sa barci na tiyata ya fi yi masa ƙarfi, don haka likitocin dabbobi ke taka-tsantsan da shi. Yana kuma cikin jinsunan da suka fi kamuwa da wata cuta da ke tara ruwa mai kama da madara a ƙirji, ta hana numfashi. A ƙasa mai zafi, yana buƙatar inuwa da ruwa a koyaushe, kuma ba a fita da shi sai da sassafe ko da yamma.

Ƙungiyoyin masu kiwonsa kan shawarci mai sha'awa ya je ya kalli yadda ake yi wa babban kare wanka da taza daga farko har ƙarshe kafin ya biya kuɗin kwikwiyo. Wanda ya gani da idonsa, ya kuma tabbata zai iya maimaita aikin duk mako na sama da shekara 10, shi ne kwalliya za ta biya wa kuɗin sabulu.