Ɗan Ci-Rani A Idon Masu Shirya Sinima

Masu nazarin sinima sun daɗe suna wata tambaya game da baƙo: idan aka nuna shi a majigi, shi ne ke ba da labarin kansa, ko kuwa wani ne ke magana a madadinsa? Finafinai biyu na Afirka ta Yamma sun isa misali.

A shekarar 1958 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya fitar da fim ɗin "Moi, un noir", a kan samarin Nijar da suka tafi ci-rani unguwar Treichville ta birnin Abijan. Jigon fim ɗin shi ne Oumarou Ganda, tsohon soja wanda ya yi yaƙi a Indochina, ya dawo yana dako a bakin jirgin ruwa. Rouch ya bar shi ya faɗi damuwarsa da bakinsa, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Amma duk da haka na'urar ɗaukar hoto tana hannun Bature. Shi ya sa a 1965 Ousmane Sembène na ƙasar Senegal ya zargi Rouch da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Sembène, wanda shi ma ya yi dako a Marseille, ya ba da tasa amsar a 1966 da fim ɗin "La Noire de…". Labarin Diouana ne, wata budurwa da iyayen gidanta Faransawa suka ɗauko daga Dakar zuwa Antibes. Ta zaci renon yara za ta yi, sai ta tarar da shara da girki da kulle. A gabansu ba ta cika magana ba, mai kallo kaɗai ke jin abin da ke ranta. Daga ƙarshe ta kashe kanta. Da maigidan ya kai kayanta Dakar ya miƙa kuɗi, mahaifiyarta ta ƙi karɓa.

Shi kuwa Ganda, daga baya ya kama na'urar da kansa, har fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972.

Maganar ba ta ƙare ba. A 2023 Matteo Garrone, ɗan Italiya, ya fitar da "Io Capitano", labarin samari biyu 'yan Dakar da suka bi ta Agadas zuwa Libiya. Ya kamata ɗalibin da ya kalle shi ya tambayi kansa: wa ke riƙe da na'urar, kuma don wa aka shirya labarin?