Mashin na hannu: kada mu sayi wanda ya kwana a ruwa

Da zarar an gama girbin shinkafa a fadamun Auyo da Haɗeja, hirar samari a bakin makaranta ta koma kan abu ɗaya: mashin. Wani ya yi ƙwadago a gona duk hutu, wani ya taya mahaifinsa sayar da banda a kasuwar kifi, wani kuma ya kwashi adashi. Kuɗin ba za su kai na sabo ba, sai na hannu. A wasu ƙasashe kamar Amurka, ɗan sakandare yakan fara da tsohuwar mota. Mu a nan, abin hawanmu na farko keke ne ko babur, motar kuwa sai dai ta gida da ake aikenmu wankewa. Amma ko keke ne ko Boxer ko Golf, tambayar ɗaya ce: yaya za mu gane na kirki kafin kuɗin guminmu su bar aljihu?

Shekaru tukuna

Dokar Najeriya ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai cika shekara 18 ba, na mota ko na babur. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsayar da duk wanda ya hau titi ba lasisi. Mafi yawanmu a SS1 da SS2 ba mu kai ba. Don haka wanda ya tara kuɗi yanzu yana da zaɓi biyu masu kyau: ya sayi keke mai ƙwari, ko ya ci gaba da tari har ya isa. Keke ba ya shan mai, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu shirin gama makaranta kuwa, waɗanda za su riƙa zirga-zirga zuwa kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja ko jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, su ne za su fi buƙatar abin da ke tafe.

Abin da kogi yake barin mana

Mun san halin Kogin Haɗeja. Daga Agusta zuwa Satumba yake cika, kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa kuma tana tura shi cikin gonaki da gidaje. A 2018 da 2020 da 2022, ambaliya ta ci garuruwa da dama a ƙasar Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Ruwan da ya rushe ɗaki bai tsallake mashin ɗin da ke jingine a zaure ba. Bayan ruwa ya janye, wasu masu irin waɗannan babura sukan wanke su, su sauya baƙin mai, su kai kasuwa. A ido lafiya lau. Sai bayan wata biyu ko uku tsatsa ta gama cin wayoyi da cikin inji, mai sabon saye ya zama ɗan gida a garejin bakanike.

Ga yadda ake kama irin wannan. Mu zaro ma'aunin baƙin mai mu duba: idan man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga inji. Mu ɗaga kujera, mu buɗe akwatin matatar iska, mu nemi busasshen laka a lungunan da tsumma ba ya kaiwa. Mu haska cikin tanki da tocila, jan tsatsa ba ya ɓoyuwa. Mu gwada hon da fitilu da sigina ɗaya bayan ɗaya. Wutar da take kawowa tana ɗaukewa alama ce ta wayoyin da suka jiƙa.

A tayar da shi da sanyi

Kafin a buga mashin, mu ɗora hannu a kan inji. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin mu zo, kuma inji mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa in ya yi zafi. Mu ce za mu dawo da sassafe. Lafiyayyen mashin yana tashi a bugu ɗaya ko biyu. Mu tsaya a bayansa mu kalli salansa: shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, gyaransa kuwa sai an sauke inji. Mu tsuguna mu ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, domin mashin da ya taɓa yin mummunan karo yakan karkace. Mu duba sarƙa da haƙoran da take hawa. In sun yi tsini, sun ƙare. A ƙarshe a bar wanda yake da lasisi ya hau, ya sa kowace giya, ya taka birki.

Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mu tafi da bakaniken da gidanmu ya sani, ba wanda dillali ya kawo ba. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba ya samu sai an yi ciniki. Ɗan abin da za mu ba bakanike bai kai kuɗin gyara ɗaya ba.

In motar gida ce

Wata rana Baba ko Yaya zai ce mu raka shi duba mota ƴar Kwatano. A nan ma ruwa ne babban abin tsoro. Lokacin da guguwar Harvey ta afka wa birnin Houston na Amurka a 2017, dubban motoci sun nutse, kuma irin waɗannan motoci akan yi gwanjonsu, wasu su biyo jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma. Mu shinshina kafet, mu ɗaga safayar taya a but, mu jawo bel ɗin kujera har ƙarshe mu ga ko akwai shatin ruwa. Mafi yawan motocin zamani suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba. Dole ta yi daidai da wadda ke takarda. Takardar kwastam ma wajibi ce, domin a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. A kuma tuna da hanyoyinmu na damina: mota mai ƙasa-ƙasa, wadda kayan gyaranta sai an aika Kano, wahala ce.

Takarda da shaidu

Mashin mai arha fiye da kima, wanda mai shi yake gaggawa kuma ya ce rasit ya ɓata, mu bar masa abinsa. Wanda aka kama da kayan sata shi zai fara kwana a ofishin ƴan sanda, ko da kuɗinsa ya saya. Mu nemi rasit na asali, mu gwada lambar inji da lambar jikin mashin da abin da aka rubuta. In akwai alamar an kankare ko an sake bugawa, ciniki ya mutu. A rubuta takardar sayarwa da sunan mai sayarwa da adireshinsa, shaidu biyu su sa hannu, zai fi kyau a gaban mai unguwa. Kuma kada mu yi wannan ba tare da mahaifi ko wani babba na gida ba.

Kada kuɗin su ƙare a kan saye

Mu ware wani kaso tun farko don baƙin mai, filogi, taya, lamba da hular kwano. Mashin ɗin da kowane shago a Haɗeja da Malam Madori yake da kayansa ya fi wanda ya fi kyau amma ba a san shi ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Mun sha rana a fadama kafin mu tara waɗannan kuɗi. Ƙarin mako guda ana dubawa ba zai rage mu da komai ba. In bakanike ya girgiza kai, mu mayar da kuɗinmu aljihu, mu jira wata kasuwar.